Kundin Gyaran Sitiyarin Land Cruiser 80 Bayan Ƙara Mata Tsayi

Asabar, 2 ga Maris

Na buɗe wannan kundi ne domin in daina dogara da ƙwaƙwalwa. Watanni huɗu ke nan da na ƙara wa motar tsayi, kuma a cikinsu na taɓa abubuwa da dama, har na kai ga ba na iya tuna wanne ya rage matsalar, wanne kuma ya ƙara ta. Motar Toyota Land Cruiser ce samfurin 80, ƙirar 1996, mai injin fetur 1FZ-FE na lita 4.5, wadda tayoyinta huɗu ke ja a kowane lokaci. Aksul ɗinta na gaba dunƙulalle ne, yana ɗauke da motar a kan murɗaɗɗun sifirin, dogayen hannuwa biyu na ƙarfe suna riƙe da shi daga baya zuwa shasi, sannan sandar Panhard tana hana shi gocewa hagu ko dama. Sifirin ɗin da na sa an sayar da su ne da sunan ƙarin santimita 5, amma an ƙera su domin motar da ke ɗauke da bamba ta ƙarfe da injin jan igiya a gaba, ni kuwa ba ni da ko ɗaya daga cikinsu, saboda haka gaban ya tashi kusan santimita 6. Tayoyin kuma na sauya su daga 275/70R16 zuwa 285/75R16, wato tsayin taya ya ƙaru daga kimanin milimita 791 zuwa 834.

Abin da ke damuna iri biyu ne, kuma ina so in raba su tun yanzu. Na farko shi ne wasan sitiyari: idan tayoyi suna miƙe, ina iya karkaɗa shi hagu da dama ba tare da motar ta amsa ba. Na biyu shi ne yawo a kan kwalta. Da zarar na wuce kilomita 70 a awa sai ta riƙa bin duk wani kwari da manyan motoci suka bari a titi, in gyara ta zuwa dama ta zarce, in dawo da ita hagu ta sake zarcewa, kuma idan na fito daga kwana sitiyarin ba ya komawa tsakiya da kansa sai na mayar da shi da hannu. Tafiyar awa ɗaya tana gajiyar da kafaɗuna kamar ta yini guda.

Na manna tef a gefen sitiyarin, na kafa ma'auni a kan dashbod, na auna wasan yayin da inji ke aiki: milimita 65. Littafin gyara na Toyota bai yarda ya wuce 40 ba. Ƙa'idar da na ɗaura wa kaina ita ce in riƙa sauya abu ɗaya tak a kowane zama, in bi hanya ɗaya ta gwaji mai tsawon kilomita 12, sannan in rubuta abin da na ji tun kafin in manta.

Lahadi, 3 ga Maris

Na fara da iskar taya domin ita ce mafi sauƙi. Geji ya nuna fam 50 a kowace, kamar yadda wanda ya ɗaura su ya bar su. Waɗannan tayoyi masu kaurin bango ne, na ɗaukar kaya, kuma adadin da ke rubuce a jikinsu iyakar abin da za su iya ɗauka ne, ba abin da motar da ba ta ɗauke da komai take buƙata ba. Na ja layin alli a faɗin kowace taya, na gangara mita kamar 50 a kan shimfiɗaɗɗen wuri, sai na tarar allin ya goge a tsakiya kawai, gefuna biyu suna nan fari fat. Na riƙa rage iskar ina maimaitawa har layin ya goge baki ɗaya a fam 36. A hanyar gwaji motar ta rage tsalle, ta kuma ɗan rage firgita idan ta hau gargada, amma yawon yana nan yadda yake.

Asabar, 9 ga Maris

Yau na yi binciken da ya kamata a ce da shi na fara tun watannin baya. Na bar motar a ƙasa, nauyinta a kan tayoyinta, domin idan an ɗaga ta da jak gaɓoɓin ba sa samun turjiyar da za ta fito da lalacewarsu. Na sa ƙanena ya zauna a kujerar direba yana kaɗa sitiyarin hagu da dama a hankali, ni kuma na kwanta a ƙarƙashi da tocila, ina ɗora tafin hannu a kan kowace gaɓa. Ido yana iya ruɗar mutum, amma hannu yana jin ɗan ƙwas ɗin da ke faruwa idan ɓangare ɗaya ya motsa kafin ɗayan ya biyo shi.

Na bi hanyar da motsin ke bi tun daga sama. Gaɓoɓin sandar da ke saukowa daga sitiyari zuwa akwatinsa lafiya suke. Na goge shasin da ke kewaye da notuna huɗun akwatin da fetur na duba da kyau, domin an san wannan wuri da tsagewa a motocin da aka sa wa manyan tayoyi, ban kuwa ga ko siririn layi ba. Daga hannun akwatin sai sandar ja, wadda ke ratsawa ta gaban aksul zuwa gwiwar ɗaya gefen (gwiwa ita ce ƙarfen ƙarshen aksul da ke juyawa tare da taya idan an karya sitiyari), sai kuma tayarod da ke bayan aksul yana haɗa gwiwoyin biyu. A cikin kawuna huɗu na waɗannan sanduna, biyu suna tsalle sama da ƙasa a mazauninsu, ɗaya kuma robarsa ta yage, ƙasa ta shige ta cakuɗe da giris.

Abin da ya tayar mini da hankali yana ƙasan gwiwar da sandar ja ke turawa. Hannun sitiyari a nan an ɗaure shi ne da ƙusoshi huɗu masu zare da aka dasa a jikin gwiwar, kowace da washa mai siffar mazurari da noti. Ƙanena yana kaɗawa sai na ga siririn layin giris yana buɗewa yana rufewa tsakanin hannun da gwiwar. Na ce masa ya tsaya, na sa yatsa a noti na farko, sai ya juya ba tare da sifana ba. Na biyu kuma ya zo mini a hannu tare da guntun ƙusarsa, ta karye tun da daɗewa, domin bakin karayar ya riga ya yi tsatsa. Da na fito na nuna masa, sai ya ce, “Yaya, da wannan muka yi doguwar tafiya makon jiya?” Da ita muka yi. Wannan hannu ba sitiyari kaɗai yake juyawa ba, shi ne kuma yake riƙe da boris ɗin ƙasa na gwiwar, saboda haka idan sauran ƙusoshin suka tsinke a guje, taya za ta kwanta ne, sitiyari kuma ya rabu da ita a lokaci guda. Na ajiye makullin motar. Ba za ta sake hawa titi ba sai an buɗe gwiwoyin.

Kafin in tashi na ɗaga gaban na kama kowace taya sama da ƙasa na jijjiga. Dukansu suna motsi. Da ƙanena ya taka burki, motsin ɗaya gefen ya ɓace, alamar boris ɗin taya ne ya saki, na gefen ƙusar da ta karye kuwa bai ɓace ba, wanda ke nufin boris ɗin gwiwar kansa ne.

Laraba, 13 ga Maris

Kaya sun iso: kawunan sanduna huɗu, boris na gwiwa huɗu da mazaunansu, sil na ciki da na waje, ƙusoshi takwas da washoshinsu, giris mai molibdenam na cikin gwiwa, da giris na boris ɗin taya. Na kuma aro soket mai lamba 54 ta notin hob, wato cibiyar da ake ɗaure taya a kai, da ƙaramin sikelin rataya. Wani abokina ya ba ni shawarar in sa babban shokazoba na sitiyari in huta. Ban karɓa ba, domin aikin wannan na'ura shi ne ta shanye bugun da dutse ko rami ke aikowa hannun direba, ba ta ɗaure abin da ya kwance, kuma da na sa ta tun farko da wataƙila ta lulluɓe alamun karyayyar ƙusar nan har ranar da sauran za su bi ta.

Asabar da Lahadi, 16 da 17 ga Maris

Kwana biyu cur na yi a kan gwiwoyin. Da na buɗe ta farko, abin da ya zubo ba giris ba ne, wani baƙin ruwa ne mai kauri, saboda sil ɗin cikin aksul ya mutu, man giya ya tsallako ya narkar da giris ɗin da ke kewaye da gaɓar Birfield, wato gaɓa mai ƙwallaye da ke kai ƙarfin inji ga taya ko da an karya sitiyari. Gaɓar kanta ba ta lalace ba, na wanke ta na juya ƙwallayenta ban ji kaushi ba. Boris ɗin gwiwa ne suka ba ni labarin da nake nema. Waɗannan boris ba sa zagayawa kamar na taya, rayuwarsu duka a ɗan kai da komo suke yinta kusa da tsakiya, don haka kowane bugun hanya a wuri ɗaya yake sauka. A mazaunin na ƙasa na ga jerin ramuka, kowane ɗan nadi ya haƙa wa kansa gurbi, har farce yana maƙalewa a ciki. Gwiwar da ke kan irin wannan boris tana ɗan cijewa kafin ta motsa, sannan ta kuɓuce gaba ɗaya, shi ya sa ƙaramin gyara da sitiyari yake zama babba.

Fitar da guntun ƙusar da ya rage a cikin gwiwar ya ci mini rabin safiya. Sai da na yi masa waldar noti a kai, zafin ya saki tsatsar, sannan ya yarda ya juyo. Zaren ramin bai lalace ba, abin da na fi jin tsoro ke nan. Na sauya ƙusoshin takwas duka har da na gefen da bai nuna komai ba, domin ƙusar da ta yi aiki a kwance ta riga ta gaji ko da ido bai gani ba. Na ɗaure notunan da ƙarfin ɗauri na Newton-mita 96 kamar yadda littafin ya ce, na kuma ɗiga wa kowanne farin fenti ya haɗe da jikin hannun, ta yadda kallo ɗaya zai nuna mini idan wani ya juya.

Matsin boris ɗin gwiwa ana daidaita shi ne da siraran faranti da ke ƙarƙashin murfin sama. Ana auna shi kafin a sa sil ɗin baya, kuma kafin a haɗa tayarod: a maƙala sikelin a ramin ƙarshen hannun a ja, a karanta nauyin da gwiwar ta fara motsi a kansa. Abin da ake so tsakanin kilo 2.5 ne zuwa 4.5. Da tsofaffin farantan, gefe ɗaya ya ba ni 3.4, ɗayan 3.8, don haka ban taɓa su ba. Na fi son kada in sauka can ƙasan wannan tazara saboda nauyin tayoyin. Boris ɗin taya kuma na matse notinsu na ciki zuwa Newton-mita 59, na juya hob ɗin ya zauna, na sassauta, sannan na mayar da shi da ɗan matsi kaɗan, na kulle da na waje.

Sababbin kawunan sanduna na ɗaura su ta hanyar ƙirga zaren tsofaffin. Na san wannan kintace ne kawai.

Asabar, 23 ga Maris

Wasan sitiyari ya sauko daga 65 zuwa milimita 42. Sauran yana cikin akwatin, domin ina ganin sandar shiga tana juyawa kaɗan kafin hannun fita ya motsa. A saman akwatin akwai sukurun daidaitawa da notin da ke kulle shi, kuma a nan ne mutane da yawa suke kashe akwatinsu. An ƙera haƙoran ciki ne su fi matsewa a daidai tsakiya, su ɗan saki a gefuna, saboda haka dole tayoyi su kasance a miƙe lokacin daidaitawa, kuma wanda ya ci gaba da ɗaurewa har wasan ya ƙare ƙaf zai samu sitiyari mai cijewa a tsakiya, wanda yawonsa ya fi na da muni. Na yi wa sukurun alama, na shigar da shi kashi ɗaya cikin takwas na zagaye, na kulle, na gwada. Na ƙara irin wannan sau ɗaya, wasan ya tsaya a milimita 28, na bar shi haka. Da na ɗaga gaban na juya daga ƙarshe zuwa ƙarshe ban ji inda ya cije ba. Man fawa ɗin ya yi baƙi yana warin ƙuna, na zuƙe shi na zuba sabon Dexron har ya fito ja.

Na auna tsukewar tayoyi da tef, daga alama ɗaya a bayan tayoyin, sannan na tura motar gaba har alamar ta dawo gaba a tsayi ɗaya. Gaban ya fi bayan faɗi da milimita 3, wato tayoyin a buɗe suke, kowace tana neman nata gefen. Kawunan tayarod ɗaya zarensa na dama ne ɗaya na hagu, don haka juya bututun kaɗai ya isa. Na mayar da gaban ya tsuke da milimita 2.

Sakamakon hanyar gwaji ya koya mini wani abu. Sitiyarin yanzu a ɗaure yake, motar tana amsawa nan take, ƙarar da nake ji a gargada ta tafi. Amma har yanzu ba ta son tafiya a miƙe, kuma har yanzu sitiyarin ba ya dawowa bayan kwana. Na ma fi jin yawon sarai, tunda babu sauran sako-sakon da zai ɓoye shi. Lalacewar gaɓoɓi daban, kusurwar da aksul yake zaune a kai daban, na gama da ta farko ne kawai.

Talata, 26 ga Maris

Na kai ta wurin alaimen na roƙi a buga mini takardar awon. Kamba, wato karkatar saman taya ciki ko waje, lafiya take, tsukewa ta yi daidai da abin da tef ɗina ya nuna. Kasta kuwa ta fito a ƙasa da sifili: −0.9 a gefe ɗaya, −0.7 a ɗayan, alhali Toyota ta tsara motar a kan digiri 3, da rangwamen digiri ɗaya sama ko ƙasa. Mai aikin ya kalli allon ya ce, “Maigida, wannan ba abin da injina zai gyara ba ne, motarka ba ta da wurin daidaita shi.” Gaskiyarsa ce, kuma na ji daɗi da bai karɓi aikin da ba zai iya ba.

Kasta ita ce jinginar layin da taya ke juyawa a kansa idan an kalle shi daga gefe, wato layin da ya ratsa boris ɗin gwiwa na sama da na ƙasa. Idan samansa ya jingina baya, layin yana taɓa ƙasa a gaban inda taya ta taka, sai tayar ta zama tana bin sa a baya kamar yadda ƙaramar tayar kujerar ofis ke bin ƙafarta. Wannan jan ne yake miƙar da tayoyi, shi ne kuma yake dawo da sitiyari. Keke ma da wannan dabara yake tafiya ko an saki hannu. Idan jinginar ta koma gaba, babu abin da ke dawo da tayar, duk abin da ya ture ta sai ta bi shi.

Yadda na rasa ta kuwa lissafi ne mai sauƙi. A wannan mota aksul a ɗaure yake da hannuwansa ta bushin biyu-biyu, ba ya iya juyawa shi kaɗai. Da na ɗaga shasin, ƙarshen hannuwan na baya ya tashi tare da shi, sai aksul ɗin ya mirgina gaba. Na auna daga inda hannun ya kama shasi zuwa tsakiyar aksul na samu kusan santimita 84. Tashin santimita 6 a kan wannan tsawo ya ɗan haura digiri 4, kuma idan aka cire shi daga 3 sai a sauka kusa da abin da takardar ta nuna. Da na yi wannan lissafi ranar da na sayi sifirin ɗin, da ban yi wata huɗu ina kokawa da sitiyari ba.

Asabar, 6 ga Afrilu

Hanyoyin gyara uku ne a gabana: bushin masu rami a karkace, farantan ƙarfe da ke sauya wurin ramukan da hannuwan ke kamawa, ko sababbin hannuwa da aka ƙera domin motar da aka ɗaga. Na fara da bushin saboda ba sa buƙatar huda ko walda. Dole a yi wa hannun alama daidai kafin a danna su da injin matsi, domin ramin na gaba da na baya suna karkata ne ta fuskoki mabambanta, kuma kuskuren 'yan digiri wajen dasa su yana sa notin ya ƙi shiga ko gefe ɗaya ya fi ɗayan. Ban ƙarasa ɗaure notunan ba sai da na sauke motar ta zauna a kan tayoyinta na jijjiga ta, saboda bushin da aka matse yayin da aksul ke rataye zai zauna a murɗe ya mutu da wuri.

A wannan zama na karya ƙa'idata na sauya abu na biyu. Na auna daga shasi zuwa bangon taya a gefe biyu, na tarar aksul ya goce kusan santimita ɗaya, domin sandar Panhard da ta ƙara karkata tana jawo shi gefenta. Na sa mai daidaituwa na mayar da shi tsakiya, sannan na gyara tsawon sandar ja har sitiyarin ya miƙe. Na kuma tsaya a gaban motar na duba cewa sandar Panhard da sandar ja suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, domin idan karkatarsu ta bambanta, duk lokacin da sifirin ya lotsa tayoyin za su juya da kansu ba tare da an taɓa sitiyari ba.

Alhamis, 11 ga Afrilu

Sabon awon kasta: digiri 1.2 da 1.4. Motar ta sauya ƙwarai, sitiyarin yana dawowa kamar kashi biyu cikin uku na hanya, kuma ina iya riƙe shi da hannu ɗaya a kilomita 80. A 100 kuwa, musamman idan babbar mota ta wuce ta buga mini iska, tana ɗan lilo kafin ta natsu. Akwai kuma abin da ban so ba. Na hau wani tudu a karkace domin in ga yadda aksul ke lanƙwasa, sai taya ɗaya ta bar ƙasa a inda da ba ta bari. Bushin ɗin sun fi na asali tauri, kuma ta gefen da ramin ya matso naman da ya rage siriri ne. A irin wannan aksul, bushin ɗin ne suke lotsawa su ba shi damar murɗawa, don haka taurinsu ya ci wani abu daga dalilin da ya sa na ɗaga motar tun farko. Rabin magani ne, ya kuma zo da nasa ciwon.

Asabar, 27 ga Afrilu

Na sa sababbin hannuwa masu bushin roba irin na asali, waɗanda gyaran kastar ke cikin ƙirarsu. Ban zaɓi farantan ƙarfe masu sauya wurin ramuka ba saboda idan aksul ya mirgina baya da yawa a kan tsofaffin hannuwa, tayarod yana matsowa har ya goge su, waɗannan kuwa an yi musu lanƙwasa a daidai wurin. Na juya sitiyarin ƙarshe zuwa ƙarshe na duba, akwai tazarar da yatsa ke shiga. Notunan hannuwan sun tafi Newton-mita 177, motar tana ƙasa. Takardar awo da yamma ta nuna 3.1 da 3.3, na kuma sake duba tsukewar tayoyi tana nan a milimita 2.

A hanyar gwaji, a wani miƙaƙƙen wuri da babu kowa, na sassauta riƙona a kilomita 100 na ƙirga har goma. Ta tafi a miƙe, sai ɗan gangarawa a hankali zuwa gefen da titin ya karkata domin ruwa, wanda kowace mota ke yi. Kwarin manyan motoci da ke fizgar ta a da, yanzu ina jin sa ne kawai a ƙarƙashina. Sitiyarin ya ɗan ƙara nauyi wajen fakin, kuma wannan nauyin shi ne kastar da ta dawo.

Asabar, 4 ga Mayu

Wani sabon abu ya fito: gurnani da 'yar girgiza a ƙarƙashin ƙafa tsakanin kilomita 80 da 90, musamman idan na ɗan saki totur. Ba a sitiyari nake jin ta ba, don haka ban zargi tayoyi ba. Na cire farfelar gaba, wato sandar da ke kai ƙarfi zuwa aksul ɗin gaba, na kulle difarenshal na tsakiya, na bi hanyar da tayoyin baya kaɗai, girgizar ta ɓace. Dalilin a bayyane yake. Mirgina aksul baya domin kasta yana sunkuyar da bakin difarenshal, sai kusurwar gaɓar farfela ta wannan ƙarshen ta daina dacewa da ta ɗaya ƙarshen, alhali gaɓoɓin biyu suna soke rashin daidaiton gudun juna ne kawai idan kusurwoyinsu sun yi kusa. Ɗaya daga cikin gaɓoɓin kuma na same ta da ɗan kaushi a hannu. Na sauya su duka biyu, na cika su da giris, na mayar da farfelar bisa alamun da na yi mata kafin in cire. Girgizar ta ragu sosai amma ba ta ƙare ba.

Lahadi, 19 ga Mayu

Motar ta yi kilomita 900 tun bayan buɗe gwiwoyin, ciki har da yini guda a kan duwatsu da yashi. Na bi notunan ƙasan gwiwa takwas da sifanar awo, babu wanda ya motsa, fentin yana nan a haɗe. Boris ɗin taya na gefe ɗaya ya ɗan saki bayan ya zauna, na buɗe na sake matse shi da sabuwar washar kulle. Notunan Panhard da na hannuwa ba su buƙaci komai ba. Wasan sitiyari milimita 28 ne har yau, tayoyin gaba suna ci daidai a faɗinsu, iska tana fam 36.

Har yanzu akwai sauran 'yar girgizar farfela a kusa da kilomita 85. Na auna kusurwoyin da ma'aunin digiri, na ga bakin difarenshal yanzu ya kusa kallon akwatin raba ƙarfi kai tsaye, kuma wannan shi ne zaman da farfela mai tagwayen gaɓa a ƙarshenta na wajen akwatin take so. Na auna tsawon da ake buƙata daga fuska zuwa fuska, motar tana zaune a kan tayoyinta, na aika a haɗa mini ita. Kafin ta iso zan riƙa tsayawa ƙasa da 80 ko in wuce 90, kuma awo na gaba na notunan gwiwa zai zo tare da canjin man inji.